Lambu a Matsayin Shaidar Tarihi: Vaux-le-Vicomte da Barsai a Zamanin Sarki Luwi na 14

Gabatarwa

A Hausa idan aka ce lambu, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne wani yanki a bakin rafi ko cikin fadama, inda ake noman albasa da tumatir da rake da rani, ana ban ruwa da jigo ko da inji. Lambun da wannan lacca za ta yi magana a kansa wani iri ne dabam. Fili ne mai faɗin hekta da yawa, wanda aka zuba wa dukiya mai tarin yawa ba don a ci wani abu daga cikinsa ba, sai don a kalla, a yi yawo a ciki, a kuma san matsayin mai shi. Irin wannan lambu shi ne ya kewaye manyan gidajen sarautar Faransa a ƙarni na 17, kuma har yau mutane daga ko'ina cikin duniya suna biyan kuɗi su shiga su gani.

Yawancin masu ziyara suna ɗaukar wurin tamkar wajen shan iska ne kurum. Amma ga mai nazarin tarihi, lambu shaida ce kamar yadda takarda ko kufai ko tsohon kuɗi suke shaida. Ana iya karanta shi a gane abin da masu mulki suke so a ɗauka game da su, da abin da suka tilasta wa ƙasa da ruwa da talakawa domin a ɗauki hakan, da kuma inda ikonsu ya tsaya. Za a gwada wannan karatu da lambuna biyu waɗanda mutum ɗaya ya tsara, watau na gidan Vaux-le-Vicomte, kimanin kilomita 55 kudu maso gabas da birnin Faris, da na fadar Barsai, wadda Faransawa ke rubutawa Versailles. Na farkon shi ne ya haifi na biyun, kuma ya jawo wa mai shi ɗaurin rai da rai.

Abin da Mai Ziyara Yake Gani

Wanda ya je Vaux ta arewa yake shiga. Zai wuce ƙofar ƙarfe da barga da ɗakunan barori, ya ƙetare gwalalo mai ruwa wanda ya kewaye gidan, ya ratsa babban zaure mai ƙubba, sa'an nan ya fito kan matakala ta kudu. A nan ne lambun yake buɗe masa gaba ɗaya, hekta 33, shimfiɗe kamar darduma. Wata hanya miƙaƙƙiya ta raba shi biyu, abin da ke dama ya yi wa na hagu daidai. Kusa da gidan akwai filaye biyu waɗanda aka tsara da zane mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar aikin wuyan babbar riga, kuma Faransawa da kansu da sunan surfani suke kiran wannan salo. Gaba da su akwai tafkuna, wani da'ira, wani mai kusurwa huɗu. Can ƙarshe ana hango wani bango mai koguna bakwai, a bisansa kuma tudu, a kan tudun mutum-mutumin Harkulis, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa. Mai kallo zai ɗauka ya gama ganin komai, kuma tafiyar minti kaɗan za ta kai shi ƙarshe.

Da zarar ya sauka ya fara tafiya sai ya gane hangen Dala ba shiga birni ba ne. Filin da ya zaci shimfiɗaɗɗe ne ashe hawa-hawa ne, ana saukowa da matakalai waɗanda ba a ganinsu daga gidan. Ƙananan magudanan ruwa suna ɓullowa a gicciye inda ba a tsammani. Kogunan nan da suka yi kamar suna bakin tafki mai kusurwa huɗu sai su yi ta ja da baya. Idan ya iso tafkin ya waiwaya, zai ga gidan duka a cikin ruwa kamar a madubi, alhali ya baro shi da nisan ɗaruruwan mitoci. Ɗan gaba kaɗan ƙasa ta yanke, sai ga wata babbar korama ta haƙa, mai tsawon kusan kilomita ɗaya, kwance a gicciye cikin kwari tsakaninsa da kogunan. Babu gada a tsakiya, dole ya zagaya. Idan ya daure ya hau tudun har gindin Harkulis ya juyo, sai lambun ya sake haɗewa ya koma hoto ɗaya, wannan karo gidan ne a ƙarshensa.

Wannan duka lissafi ne. Ido yana ƙanƙanta abin da ke nesa, saboda haka wanda ya tsara lambun ya riƙa ƙara girman tafkuna da faɗin filaye gwargwadon nisansu daga gidan, har nesa ta zo kusa. Ya auna gangaren ƙasa ya ɓoye abin da yake so ya ɓoye. Watau tun kafin baƙo ya taka ƙasa an riga an yanke masa abin da zai gani, da lokacin da zai gan shi, da hanyar da zai bi. Wannan shi ne darasi na farko da lambun yake bayarwa: mai gida yana da iko har a kan idon baƙonsa.

Mai Gidan da Masu Aikinsa

Mai gidan shi ne Nicolas Fouquet, wanda ake furta sunansa Fuke. An haife shi a 1615 cikin gidan alƙalai masu arziki, ya sayi ƙasar Vaux a 1641 yana ɗan shekara 26. A 1653 aka naɗa shi Ma'ajin ƙasa. A lokacin Sarki Luwi na 14 yaro ne, mulki yana hannun uwarsa da Waziri Mazarin, baitulmali kuwa ya ƙafe saboda dogon yaƙi da Sifen da kuma tawayen da manyan ƙasa da alƙalai suka yi daga 1648 zuwa 1653. Attajirai ba su yarda su ranta wa sarki kuɗi ba, amma sun yarda su ranta wa Ma'aji. Saboda haka Fouquet ya riƙa cin bashi da sunansa yana ba gwamnati, yana biyan kansa daga haraji idan ya shigo. A irin wannan tsari babu mai iya raba aljihun Ma'aji da na ƙasa, kuma ba shi kaɗai ya amfana ba, domin dukiyar da Mazarin ya tara ta fi tasa nesa ba kusa ba.

Da wannan kuɗi aka fara ginin gidan a 1656. Fouquet ya haɗa mutum uku: Louis Le Vau mai tsara gini, da Charles Le Brun mai zane da ƙawata ɗakuna, da André Le Nôtre mai tsara lambu. Abin da ya bambanta aikinsu da na magabata shi ne sun tsara gida da lambu tare a matsayin abu ɗaya, a kan layi ɗaya. Kafin wannan lokaci, lambunan gidajen sarautar Faransa, waɗanda aka koyo daga Italiya, yawanci ƙananan filaye ne masu katanga da ake liƙawa a gefen gini duk inda wuri ya samu. A Vaux kuwa ƙasar ce aka tilasta wa bin tsari. An sayi ƙauyuka uku aka rushe, an kwashe tudu an cike kwari, an kama ƙoramar Anqueil aka miƙar da ita ta zama babbar koramar nan da aka ambata. An kuma tara ruwa a manyan matattara a kan tudu, yadda nauyinsa kaɗai ya isa ya tura shi cikin bututu ya yi feshi sama, ba tare da famfo ba.

Le Nôtre ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. An haife shi a Faris a 1613, kuma sana'ar gado ya yi, domin ubansa da kakansa duk masu kula da lambun sarki ne a Tuileries. Amma ban da sanin ƙasa da iri, ya koyi zane a wurin wani shahararren mai zane, Simon Vouet, inda ya haɗu da Le Brun, ya kuma san lissafi da awon ƙasa. Zamaninsa zamani ne da malaman Turai suka yi imani cewa duniya tana tafiya bisa ƙa'idojin lissafi, kuma wanda ya san ƙa'idojin zai iya sarrafa ta. Le Nôtre ya ɗauki wannan ra'ayi daga littafi ya shimfiɗa shi a ƙasa da igiya da turaku.

Daren 17 ga Agusta 1661

A ran 9 ga Maris 1661 Mazarin ya rasu. Kowa ya zaci Fouquet ne zai gaje shi, har shi kansa. Kashegari sarki, yana ɗan shekara 22, ya tara manyan fadawa ya sanar da su cewa ba zai sake naɗa waziri ba, shi zai riƙe mulkinsa da kansa. Ma'aji bai ɗauki maganar da nauyin da ya kamata ba. A gefe guda kuma akwai Jean-Baptiste Colbert, tsohon mai kula da dukiyar Mazarin, wanda ya san sirrin lissafin baitulmali, yana bin takardun Fouquet yana nuna wa sarki inda aka yi coge. Fouquet ya ƙara wa kansa laifi da ya sayi tsibirin Belle-Île a gaɓar yamma ya shiga gina masa ganuwa, abin da ba zai yi wa sarkin da ya ga tawaye da idonsa daɗi ba.

A ran 17 ga Agusta sarki ya taso daga Fontainebleau da uwarsa da fadawansa ya zo Vaux bisa gayyata. Aka zaga da shi lambu, maɓuɓɓugan ruwa suna feshi dama da hagu. Aka ci abinci wanda Vatel, shugaban hidimar gidan, ya shirya. Molière da 'yan wasansa suka yi sabon wasan kwaikwayo a fili cikin lambun, aka rufe da wasan wuta. A lokacin sarkin Faransa ba shi da gida ko ɗaya da ya kai wannan tsari. An shirya masa ɗaki na musamman, amma bai kwana ba, cikin dare ya koma Fontainebleau.

An daɗe ana cewa hassadar wannan dare ce ta ka da Fouquet. Binciken masana tarihi ya nuna cewa an yanke shawarar kama shi watanni kafin bikin. Har ma an lallashe shi ya sayar da muƙaminsa na babban mai gabatar da ƙara a kotun ƙoli ta Faris, wanda shi ne ya ba shi kariya daga shari'ar kowace kotu sai ta abokan aikinsa, ya kuwa sayar kwanaki kaɗan kafin zuwan sarki. Abin da bikin ya yi shi ne ya tabbatar wa sarki, a gaban dukan fadawa, cewa zargin yana da tushe. Tambarin gidan Fouquet kurege ne, takensa da Latin kuwa tambaya ce mai ma'anar ina ne ba zai hau ba. Hausawa sun riga sun amsa irin wannan tambaya da suka ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

A ran 5 ga Satumba 1661, ranar da sarki ya cika shekara 23, wani hafsan dogarai mai suna d'Artagnan ya kama Fouquet a birnin Nantes. Aka kafa kotu ta musamman, aka tuhume shi da cin dukiyar ƙasa da cin amanar sarki, domin an sami wata takarda ɓoye a bayan madubi a gidansa na Saint-Mandé, inda ya tsara yadda magoya bayansa za su yi tsayayya idan aka kama shi. Shari'ar ta ci shekara uku, kuma ya kare kansa da ƙwarewa har jama'ar Faris suka fara tausaya masa. A Disamba 1664, daga cikin alƙalai 22, tara suka nemi kisa, 13 suka zaɓi a kore shi daga ƙasa. Al'adar sarakuna ita ce su sassauta hukunci, amma Luwi ya tsananta shi, ya mayar da shi ɗaurin rai da rai. Aka kai Fouquet kurkukun Pignerol a cikin duwatsun Alps, inda ya mutu a 1680. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: daga nan manyan Faransa suka san cewa ƙasaita irin wannan ta mutum ɗaya ce.

Daga Vaux zuwa Barsai

Sarki ya ƙwace darduma da mutum-mutumi da itatuwan lemo na Vaux, amma babban abin da ya ɗauka shi ne mutanen. Le Vau da Le Brun da Le Nôtre duk suka koma yi masa aiki a Barsai, kimanin kilomita 20 daga Faris, inda ubansa Luwi na 13 ya gina ɗan gidan farauta. Wurin bai dace da lambu ba ko kaɗan, domin fadama ce da yashi, ga sauro, kuma babu kogi kusa. Ga alama wannan rashin dacewa yana cikin abin da ya ja hankalin sarki, tun da yake gyara wurin da Allah ya riga ya ƙawata ba ya nuna iko kamar mayar da dausayi aljannar duniya.

Le Nôtre ya maimaita tsarin Vaux ya ninka shi. Layin tsakiya ya taso daga fada ya nufi yamma, ya bi ta kan wata babbar korama mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, mai siffar gicciye, ya ɓace a inda sama ta haɗu da ƙasa. A Vaux tudu da mutum-mutumi sun tare ido, a Barsai kuwa babu abin da ya tare shi, kamar a ce mulkin mai gidan ba shi da iyaka. An tono manyan itatuwa da saiwarsu daga dazuzzuka masu nisa aka dasa, domin sarki ba zai jira shekara talatin ya sha inuwa ba. Luwi ya ɗauki rana ta zama tambarinsa, saboda haka aka cika lambun da siffofin Apolo, wanda Girkawa da Rumawa suke dangantawa da rana.

Akwai wata maɓuɓɓuga a gindin matakalar fada wadda ta fi kowace bayyana manufa. Tana nuna Latona, uwar Apolo, tare da 'ya'yanta biyu ƙanana, kewaye da ƙauyawa waɗanda suka hana ta shan ruwa suka yi mata ba'a, aka la'ance su suna rikiɗewa kwaɗi. Masana da yawa suna ganin hannunka mai sanda ne ga masu tawayen da suka sa Luwi da uwarsa da ƙanensa suka gudu daga Faris cikin dare a Janairu 1649, yana ɗan shekara 10. A ran 6 ga Mayu 1682 sarki ya mayar da fada da gwamnati Barsai dungum. 'Ya'yan waɗancan masu tawaye suka zama fadawa, suna bin sa a baya cikin lambu, kowa yana fatan a dube shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa lambun kayan mulki ne ita ce sarki da kansa ya rubuta ɗan littafi kan yadda za a zaga da baƙo a cikinsa, ya kuma yi ta gyara shi tsakanin 1689 da 1705. A ciki ya faɗi ƙofar da za a fita, da inda za a juya, da inda za a tsaya a kalli abu kaza. Abin da Le Nôtre ya yi wa idon baƙo a Vaux da dabara, sarki ya mayar da shi umarni a rubuce.

Ruwa da Rayuka

Abu ɗaya ne ya ƙi bin umarni, shi ne ruwa. Barsai tana kan tudu sama da Kogin Sen, maɓuɓɓuganta kuwa suna shan ruwa fiye da abin da ƙasar za ta iya bayarwa. An haƙa tafkuna da magudanai a filayen da ke kewaye domin tara ruwan sama, bai isa ba. Daga 1681 zuwa 1684 wasu mutum biyu daga ƙasar Liège, Arnold de Ville da Rennequin Sualem, suka gina wani gagarumin inji a Marly a bakin Sen. Yana da manyan ƙafafun katako 14 waɗanda ƙarfin kogi ke juyawa, kowace faɗinta kimanin mita 12, suna motsa famfo fiye da 250, suna tura ruwa sama kimanin mita 160. An ɗauke shi cikin abubuwan al'ajabi na zamanin, ya kuma yi aiki har 1817, amma kullum cikin gyara yake, kuma yawancin ruwansa wani sabon gidan sarki da ke Marly ne ya shanye.

A 1685 aka shiga aikin da ya fi wannan girma, watau jawo Kogin Eure daga nisan kimanin kilomita 80. Vauban, babban injiniyan soja, shi ya tsara wata doguwar gadar ruwa a Maintenon. An zuba mutum wajen 30,000 a aikin, yawancinsu sojoji, zazzaɓin fadama ya kashe da yawa. A 1688 yaƙi ya ɓarke, aka kwashe sojojin, ba a sake komawa ba. Kufan gadar yana nan tsaye har yau, ɗigon ruwa bai taɓa bi ta kansa ba. Ƙarshenta dabara aka koma yi: idan sarki ya fito yawo, masu kula da ruwa sai su riƙa yi wa juna usur, a buɗe maɓuɓɓugar da yake fuskanta, a rufe wadda ya wuce. Mai mulkin da aka tsara lambu domin ya mallaki idon kowa, shi ma sai da aka yi wa nasa idon dabara.

Game da waɗanda suka yi aikin da hannunsu, tarihi bai riƙe sunayensu ba sai adadinsu. Wani bafade mai suna Dangeau ya rubuta a 1685 cewa mutum 36,000 ne ke aikin Barsai. Madam de Sévigné kuma, cikin wata wasiƙa ta 1678, ta ba da labarin yadda ake kwashe gawarwakin leburori a amalanke cikin dare don kada sauran su firgita. Kuɗin kuwa daga haraji yake fitowa, kuma babban harajin ƙasar a kan talakawa yake, 'ya'yan sarauta da malaman coci an ɗauke musu. Shekarar da aka yi bikin Vaux ita ce farkon yunwar 1661 zuwa 1662, yunwar 1693 zuwa 1694 kuwa ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya. Wanda ya karanta lambun bai karanta wannan shafi ba, rabin shaidar ya gani.

Le Nôtre kansa ya fita daga wannan duka lafiya, abin da ba kowane bafade ya samu ba. Da sarki ya ɗaga shi zuwa sahun masu sarauta a 1675, aka tambaye shi tambarin da yake so, sai ya zaɓi dodon koɗi uku da kan kabeji. Ya rasu a 1700 yana da shekara 87. Salonsa ya bazu cikin Turai, sarakunan Rasha da Ostiriya da Sifen da ƙananan sarakunan Jamus kowa ya so ya yi tasa Barsai.

Lambun da Ake Gani Yau

Akwai wani abu da ya kamata mai nazari ya kiyaye. Gini na dutse yana iya tsayawa ƙarni uku ba a taɓa shi ba, amma lambu idan aka bar shi shekara goma daji yake komawa. Saboda haka abin da ake gani yau tsarin ƙarni na 17 ne, amma yawancin itatuwan da shuke-shuken na baya-bayan nan ne. A Barsai an sare itatuwa an sake dasawa a zamanin Luwi na 16, daga 1774 zuwa 1776. A lokacin ma ra'ayi ya riga ya juya, masu hali sun koma son lambu irin na Ingila mai karkatattun hanyoyi wanda ke kwaikwayon daji. A Oktoba 1789 jama'ar Faris, mata ne a gaba, suka tako har Barsai suna neman burodi, suka tasa sarki a gaba zuwa birni, kuma daga ranar sarauta ba ta sake zama a fadar ba. Hukumar UNESCO ta sa fadar da lambunta cikin kayan tarihi na duniya a 1979. A ran 26 ga Disamba 1999 guguwa ta tumɓuke itatuwa wajen 10,000, aka sake dasawa da gudummawar jama'a daga ƙasashe da yawa.

Vaux kuwa ta koma hannun matar Fouquet bayan shekaru, aka sayar wa Marshal Villars a 1705, sa'an nan ga gidan Praslin a 1764. Zuwa 1875 gidan ya zama kango, lambun ya shekara wajen 30 ba mai kula, sai aka sa shi gwanjo. Wani attajirin sukari, Alfred Sommier, ya saya, shi da ɗansa suka kashe shekaru suna mayar da lambun bisa tsoffin zane-zanen da aka buga a zamanin Fouquet. Mutum-mutumin Harkulis da ke kan tudu a 1891 aka kafa shi, filayen surfani kuwa Achille Duchêne ne ya sake tsara su a shekarun 1920. A 1968 Patrice de Vogüé, daga zuriyar Sommier, ya buɗe gidan ga jama'a, kuɗin shiga ya zama abin da ke riƙe da shi. A 2019 dole ta sa aka tumɓuke gajerun itatuwan da aka yi surfanin da su, saboda cutar ganye da wata tsutsa da ta shigo Turai daga gabashin Asiya sun cinye su, aka maye gurbinsu da zanen alminiyam na wucin gadi.

Kammalawa

Lambun Faransa na ƙarni na 17 da'awa ce da aka rubuta da ƙasa da ruwa da itace, cewa hankali ɗaya da nufi ɗaya suna iya tsara komai. Fouquet ya yi wannan da'awa alhali shi bawan sarki ne, ya biya da sauran rayuwarsa. Luwi na 14 ya yi ta yana kan gado, ya ci nasara a kan fadawa, amma Kogin Eure ya ƙi zuwa, kuma shekara 74 bayan mutuwarsa a 1715 talakawan da suka biya kuɗin suka zo har ƙofa. Abin da ya wanzu shi ne aikin Le Nôtre, wanda shi ma yana tsaye ne saboda a kowane zamani an sami masu almakashi da shebur da suke aske shi suna share shi. Mai ziyarar da ya tsaya kan matakalar Vaux a yau yana tsaye ne a inda sarki ya tsaya a 1661, kuma idonsa zai ruɗu kamar yadda aka nufa. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya sauka daga matakalar, ya taka har bakin koramar da aka ɓoye, ya auna nisan da ƙafarsa, sa'an nan ya tambayi wanda ya haƙa ta da wanda ya biya.